Ranar da Ruwan Shuka Ya Tare Mu a Hanyar Mayahi

Ko na tsufa na rikice har na fara kiran jikokina da sunayen juna, akwai rana guda da na san ba za ta fita daga kaina ba. Ranar ce muka hau bayan wata babbar mota mu goma, da malaminmu, da wani ƙwallo mai siffar ƙwai, muka nufi Yamai da niyyar sai duniya ta san da zamanmu. Ko Mayahi ba mu kai ba. Duk wanda na ba labarin sai ya yi dariya a daidai nan, ni ma nakan taya shi, amma tawa dariyar ba ta nisa.

Lokacin sojoji ne ke riƙe da ƙasa, kuma damina biyu a jere ta yi mana rowa. Rumbuna sun zama wurin kwanan kaji, kajin ma daga baya aka sayar. A ƙauyenmu, wanda ke gefen hanyar Tasawa zuwa Mayahi, anza muke ci, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar da ruwan, an sake jiƙawa an zubar, kafin su shiga baki. Duk saurayin da ke da ƙafa ya tafi cin rani, ranin kuma ya ƙi ƙarewa. Yayyena biyu suna cikin waɗanda suka tafi, babu labarinsu. Ni na tsaya ne saboda idanun babanmu sun mutu, gidan kuma daga inna sai ƙannena mata biyu. Don in samu abin da zan riƙa kai musu, sai na koma Tasawa ina buga tubali a bakin tabki, inda ɗan sauran laka ya rage.

A bakin tabkin nan Mushe ya same mu. Haka muke kiran kowane malamin lakwal, wato makarantar boko, amma shi wannan sunan ya bi shi har ya zama kamar nasa shi kaɗai. Malamin wasanni ne a kwaleji, Bagobiri mai zane a kumatu, mu kuwa Katsinawa, don haka tun ranar farko babu wanda ya raga wa wani. Ya yi karatu a wata ƙasa ta bakin teku, daga can ya zo da ƙwallon. Damuwarsa ita ce garin ya zama babu samari. A da unguwa-unguwa ake buga ƙwallon ƙafa, yanzu ko ka bi gida-gida ba ka haɗa mutum ashirin da biyu masu ƙarfin gudu. Sai ya tuna da wasan da bakwai-bakwai sun isa a yi shi.

Da la'asar ya zo, ya tsaya a kanmu muna cikin laka, ya jefo mana abin. Ƙwallon ya faɗi ƙasa ya yi tsalle hagu, muka bi hagu, ya koma dama kamar zabuwa.

Na ce, "Mushe, jakin wa ya kwanta bisa balon ga?"

Ya ce, "Haka anka haihe shi, Bakatsine. Kai ma kanka ba shi da cikakken zagaye, amma ba mu yar da kai ba."

Shi rugbi yake ce wa wasan, a rediyo mun ji ana cewa zari-ruga, mutanen gari kuwa suka sa masa kokawar ƙwai. Dokarsa ba ta da wuyar faɗi. Ka rungumi ƙwallon ka ruga da shi, ka dire shi bayan layin abokan karawa. Su kuma an yarje musu su kama ka su kayar. In ka ga za a kama ka, sai ka miƙa wa naka, amma ba a miƙawa gaba, sai wanda ke bayanka ko gefenka. Da muka ji akwai kayarwa a ciki, muka ce ai wannan gida ne. Akwai wani ƙato daga Kona, ɗan kokawa ne na gaske, wanda ya ɗauki wata guda bai gane cewa kayar da mutum ba shi ne ƙarshen wasa ba. Da ya maka mutum da ƙasa sai ya miƙe, ya ɗaga hannuwa sama, ya fara taku yana jiran makaɗi, alhali ƙwallon ya yi gaba tuni. Mushe ya busa usur har muryar usur ɗin ta dushe.

Yanzu in na tuna, mamaki nake yi. Mutanen da ke kwana da ɗan abin da bai kai ya cika tafin hannu ba a ciki, ina suka samu ƙarfin kayar da juna a busasshen tabki, ƙarangiya na manne musu a baya? Amma gaskiya ita ce, a wannan ɗan lokacin tsakanin la'asar da magariba ne kawai babu mai tuna yunwa. Ina kewar wannan lokacin fiye da yadda nake kewar shekarun da na ƙoshi.

A cikinmu akwai wanda ya fi kowa, kuma saboda shi nake ba da wannan labari. Bafulatani ne daga wajen Issawane, dogo siriri, sa'ana. Tun muna yara na san shi, domin kowane rani babansa kan sauke shanunsa a gonarmu su zuba taki, in kaka ta yi babanmu ya ware masa dammunan hatsi. Haka iyayensu ma suka yi tun kafin a haife mu. Da fari ya zo, shanun suka riƙa kwantawa ɗaya bayan ɗaya. Babansa ya kora 'yan da suka rage ya yi kudu da su, ya bar shi ya nemi abin da zai ci da hannunsa. Haka ya zo bakin tabki yana ɗaukar laka a ka, mutumin da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi sanda nauyi ba. Ni ina ce masa Bahillace, shi yana ce mini Kaɗo, ɗaki ɗaya muke kwana. In zan je gida ranar Juma'a tare muke tafiya, inna ta raba ɗan abin da ke akwai gida biyu daidai, ba ta taɓa fifita ni ba.

Gudu kam, ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ban sake gani ba. Mutumin da ya tashi yana tare maruƙa a daji, mu masu buga tubali ina za mu kamo shi? Aibinsa ɗaya ne, in ƙwallo ya shiga hannunsa to ya shiga ke nan. Ba ya waige, ba ya miƙa wa kowa. Ina bayansa ina ihu, hannuwana a buɗe, shi ko a jikinsa.

Mushe ya yi ta faɗa: "Dubi bayanka, Bahillace! Ku bakwai ne, ba kai ɗaya ba!"

Shi kuwa ya ce, "Mushe, in na waiga su cim mini. Mai son balo shi zo gabana in ba shi."

"Doka ta hana a miƙa gaba!"

"To ba ni na yi dokar ba."

Wata rana muna wanke laka daga ƙafafunmu na tambaye shi dalilin wannan rowa tasa. Ya ci gaba da dirje ƙafarsa. Can ya ce tun da shanunsu suka mutu, duk inda ya zauna kukansu yake ji, har wadda ya fi so, wata ja mai farin goshi da ta mutu kanta a bisa cinyarsa. In ya rungumi ƙwallon yana gudu ne kaɗai kukan ke yin shiru. Daga ranar ban sake yi masa tsiya kan rowa ba, sai dai a gaban mutane, don kada a gane.

Bazara ta shigo, zafi ya kai inda ya kai, sai ga Mushe a kan ɗan babur ɗinsa yana ta murmushi tun daga nesa. Ya ce za a yi taron zaɓe a Yamai. Kowane yanki zai kawo ƙungiyarsa ta mutum bakwai, a kara, masu zaɓe na kallo. Daga nan za a tsamo waɗanda za su sa rigar ƙasa su tafi wasannin share fage na ƙasashen yankinmu, a wani birni na bakin teku, wanda ya yi nasara a can kuma ya wuce gasar duniya. Sharaɗi ɗaya ne aka jaddada masa, ƙungiyar da ba ta cika bakwai ba, ba za a bar ta ta taka fili ba. Ya ce shi bai yi mana alkawarin komai ba, amma in masu zaɓen nan suna da idanu, Bahillace dai ya tafi.

Abokina ya ce, "Mushe, tekun ga da kake hwaɗi, da gaske ba ya ƙahewa?"

"Ko rani goma anka yi a jere."

"To ina son in ga ruwan da shanu ba su iya shanyewa."

Saura izini da abin hawa. A zamanin soja ko taron suna ya yi yawa sai an tambayi dalili, balle samari goma su kama hanyar babban birni. Sa'armu ɗaya, kaftin ɗin da ke riƙe da garin ya san mu. An taɓa kai masa rahoto cewa samari na dambacewa a tabki kowace yamma, ya zo da sojoji a mota zai watsa mu, ya tsaya ya kalla, ƙarshe dai sai da ya riƙe ciki don dariya da ya ga mutumin Kona yana taku. Shi ya ba mu izini, ya kuma ce akwai kamyo, babbar motar da ta kawo hatsin agaji, za ta koma Yamai. Za ta bi ta Mayahi ta sauke sauran buhuna, mu hau baya. Mota ɗaya ce, tafiya ɗaya. In ta wuce, babu mai kuɗin biyan wata.

Kafin tafiyar muka je gida sallama, ni da abokina. Baba na zaune a gindin bango, ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗaga fuska sama kamar mai gani.

Ya ce, "Ka dubi gabas kuwa kwanan ga?"

Na ce, "Baba, hadarin ga tun yaushe yake yi muna ƙarya. Shi taso, shi watse."

"Haka ne. Tahi, Allah shi kiyaye hanya. Amma yayyenka ba su nan, ka sani."

Na dubi inna. Abin da ke ranta na san shi, yana ƙarƙashin gadonta. Wata tukunya ce da ta cika da irin hatsi, zaɓaɓɓe daga kakar ƙarshe da muka samu abin kirki, ta gauraya da toka don ƙwari, ta liƙe bakin da laka. Duk yunwar da aka yi ba ta fasa tukunyar nan ba. Na ga ranar da ƙaramar ƙanwata ta yi kuka har muryarta ta tafi, inna ta goya ta tana zagaya tsakar gida, hawaye na zuba a fuskarta ita ma, amma ba ta taɓa tukunyar ba. Abokina yana wurin ranar. Ko binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, ta ƙi yarda a yi, domin shekarar da ta gabata yayyafi ya yaudari masu binne, irinsu ya tsiro ya ƙone. Ta ce wannan irin sau ɗaya zai shiga ƙasa, kuma sai ruwan gaske ya sauka.

Wanda bai yi noma a ƙasarmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Ƙasarmu yashi ce. In ruwan shuka ya sauka, danshin yini ɗaya ne ko biyu, rana ta shanye shi. A cikin wannan ɗan tsakanin dole kowa ya shuka gonarsa, babu mai taimakon wani sai ya gama tasa, kafin ya gama kuwa ƙasa ta bushe. Namiji na gaba da sungumi, fartanyar nan mai doguwar ƙota, yana tafiya yana sara rami, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. A gidanmu hannun da ya rage na riƙe sungumi nawa ne. Tafiyar Yamai kuwa, zuwa da wasa da dawowa, ta fi mako.

Ranar tafiya muka taru da hantsi. Waɗanda suka ga tashinmu sun ce kamar masu rakiyar ango. Muka hau kan buhuna muna waƙa, Mushe ya ƙi zama gaba kusa da shofer mai tuƙin motar, ya ce shi da ekip ɗinsa, wato mu 'yan wasansa. Abokina ya karɓi ƙwallon ya rungume, ya ce babu mai taɓa shi sai Yamai. Muka bar gari, muka hau jar hanya.

Ba mu yi nisa sosai ba gabas ta haɗe. Ba irin hadarin da ya saba yi mana ƙarya ba ne, wannan baƙi ne ƙirin tun daga ƙasa har sama. Iska ta juya ta yi sanyi, sai ƙamshin nan ya iso, ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa a wani wuri can. Kafin mu ankara ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka miƙe tsaye a bayan mota muna ihu, muna buɗe baki yana zuba a ciki, wani na kabbara, wani na kuka. Shofer ya tsaya a rufe buhuna da tamfol, ya ce ba zai motsa ba sai ruwan ya tsagaita. Muka fake a ƙarƙashin motar, ruwa na gudu ta tsakanin ƙafafunmu, ya daɗe yana zuba.

Da ya ɗauke, mutumin Kona ya fita ya taka zuwa gefen hanya. Ya durƙusa, ya tura hannu cikin yashi yana tonawa, kamar yadda kowannenmu ya ga ubansa na yi. Ya wuce wuyan hannu, ƙasa jiƙe. Ya ci gaba har kusa da gwiwar hannu, ƙasa jiƙe. Ya ɗago ya dube mu. Waƙar ma tuni ta mutu.

Ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri. Ruwan shuka ne."

Ya ɗauki ɗan ƙunshinsa ya juya da ƙafa ta hanyar da muka fito. Mushe bai hana shi ba. Muka hau, mota ta tashi. Ko'ina ka duba mutane ne ke fitowa daga ƙauyuka, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙwarya a ka, tsofaffi a kan jakuna, kowa na sauri kamar an yi gobara a daji. Ba a jima ba wasu 'yan uwan juna biyu suka dubi juna, ɗayansu ya buga rufin kan motar da tafin hannu, alamar a tsaya. Suka sauka ba su iya haɗa ido da kowa ba. Mushe ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Bakwai muke da su, daidai. Don Allah kada wanda ya yi ko tari."

Mararrabar ƙauyenmu akwai wani babban gawo a bakinta, ana hango shi daga nesa. Da na hango shi sai na juya masa baya na zauna, na sa kai tsakanin gwiwoyi. Ina son tafiyar nan, ba zan ɓoye ba, ina son ta kamar raina. Ban taɓa wuce Maraɗi ba. Kuma ko ba don kaina ba, in na sauka mun zama shida, na rufe wa abokina ƙofa ɗaya tak da ta rage masa a duniya. Na ce wa zuciyata maƙwabta za su taimaka wa inna, alhali na san kowa na gonarsa. Na ce wataƙila a sake wani ruwan bayan mun dawo, alhali na san inna ta riga ta fasa tukunya. Na ƙudura cewa hannuna ba zai taɓa rufin motar nan ba, na matse shi a hammata, na rufe ido ina jiran mu wuce.

Sai na ji bugu, da ƙarfi, har sau uku. Mota ta yi ƙugi ta tsaya daidai gindin gawon.

Mushe ya ce, "Wa ya buga?"

"Ni ne."

Na ɗago. Abokina ne a tsaye, ƙwallon na hammatarsa.

Mushe ya ce, "Kai? Kai da ba ka da ko taki ɗaya na gona?"

"Ba ni da gona, Mushe, amma na ci abincin gonar."

Na tashi na cakumi rigarsa. Na ce, "Ka haukace ne? Zamna! Ni na ce maka ina son sauka? Tekun hwa?"

Ya ce, "Kaɗo, Mushe ya ce ba ya ƙahewa. To shi jira mu. Danshin ga jibi babu shi." Ya cire hannuna daga rigarsa a hankali. "Ina nan ranar da inna ta hana ɗiyarta irin nan. In munka wuce gawon ga, ni dai ƙahwata ba ta yi mini gudu a Yamai."

Ya miƙa wa Mushe ƙwallon, ya dafa gefen mota ya dira ƙasa. Sai daga baya na gane abin da ya sa ya riga ni sauka. Da ya dira mun riga mun zama shida, ko na zauna ko na sauka duk ɗaya ne. Ya ɗauke mini zaɓin ne gaba ɗaya, don kada a taɓa cewa ni na rushe tafiyar, kada ni ma in faɗa wa kaina haka.

Mushe ya zauna a kan buhu ya cire hularsa, ya daɗe yana kallon cikinta. Shofer na ta danna oda, yana cewa shi an ba shi lokacin isa, ba ya son magana da soja. Can Mushe ya miƙe ya ce wa sauran biyar ɗin su zauna, motar za ta sauke na Mayahi da na garin Sarkin Hausa kusa da gida, kowa ya je ya shuka gonar ubansa. Yadda suka sauke ajiyar zuciya ya nuna mini ba ni kaɗai ke matse hannu a hammata ba. Shi kuma ya sauko da ƙwallonsa ya biyo mu.

Na ce, "Mushe, Bagobiri ya iya sungumi kuwa?"

Ya ce, "Rufe mini baki. Mu munka koya muku."

Muka tsaya muna kallon motar har ta ɓace, sannan muka kama hanyar ƙauye.

A gona muka same su. Inna ce riƙe da sungumin baba, ya fi ta tsawo, tana sara tana haki, layi uku kawai ta yi a gonar da ba a hango ƙarshenta. Ƙannena na biye da iri. Baba ma yana ciki, makaho da shi, yana laluben rami da yatsun ƙafa yana jefa iri yana rufewa. Har yau in na rufe ido ina ganinsa. Inna ta ɗago ta gan mu, ta dube ni, ta dubi abokina, ta miƙo mini sungumin, ta juya ta goge fuska da bakin zane. Ta aika ƙanwata ta aro wasu biyu a gidajen da mazansu suka tafi cin rani, sungumi kam ba shi ya yi ƙaranci a ƙauyen ba.

Baba ya ce, "Takun mutum uku nake ji. Wane ne da wane?"

Na faɗa masa, na kuma faɗa masa wanda ya tsayar da motar. Ya ce a kawo masa shi. Ya lalubi kan abokina ya dafa, ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Yadda ubanka bai taɓa ƙetare gonar ga ba, kai ma ba ka ƙetare ta ba."

Bafulatani da sungumi abin kallo ne. Layinsa ya karkace kamar hanyar tururuwa, rami ɗaya a nan ɗaya a can, muka yi masa tsiya har inna ta yi dariya, dariyar da na manta rabon da in ji. Amma kafin la'asar hannunsa ya faɗa, ya wuce mu duka. Yana gaba yana sara, kuma kowane ɗan taku sai ya juyo ya duba ko masu jefa iri sun iso, in ya ga ya yi wa baba nisa sai ya rage sauri.

Mushe ya tsaya ya dogara da sungumi ya ɗaga murya: "Jama'a ku shaida! Yau Bahillace ya koyi waige!"

Muka yi shuka ranar har duhu ya hana mu ganin rami, washegari muka dasa daga asuba. Lokacin da yashi ya fara yin fari a sama, tukunyar inna ta ƙare, gonar kuma ta rufu.

Ƙungiyarmu ba ta sake haɗuwa ba. Damina ta kama kowa a gonarsa, tabkin da muke wasa ya cika da ruwa, kafin kaka kuma aka yi wa Mushe canjin wurin aiki. Mun ji a rediyo an yi zaɓen, an tafi wasannin share fagen, ban tsaya jin yadda aka ƙare ba, na kashe rediyon. Abokina ya zauna da mu har aka yi noman farko. Da ciyawa ta tsiro, labari ya zo cewa an ga babansa can kudu da 'yan shanun da suka tsira, ya ce zai je ya taya shi koro su gida. Na raka shi har gindin gawon.

Ya ce, "Kaɗo, ka aje mini dami guda, mai manyan zangarnu. Na sara ramin, sai na ci."

Na ce, "Layinka karkatacce ne, dami karkatacce za ka samu."

Ya yi dariya, ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya tafi. Ya yi nisa ya juyo ya ɗaga mini hannu. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Hatsin ya yi. Bai yi irin na shekarun da ba, amma ya kai mu wata damina ba mu koma ga anza ba, kuma ƙannena duka sun rayu, yau suna da jikoki. Baba da kansa ya laluba ya zaɓi damin da ya fi kyau ya ce a ajiye. Kaka ta wuce bai zo ba, rani ya wuce bai zo ba. Na bi kasuwannin dabbobi ina tambaya, wani ya ce ya gan shi a Najeriya, wani ya ce sun yi gabas, wani ya ce bai san shi ba. Da ruwan shuka ya sake sauka, inna ta ce kada damin ya lalace, a sussuke shi a yi iri da shi, in kaka ta yi a ware masa sabo. Haka aka yi, haka kuma nake yi har yau da baba da inna duk sun rasu.

Kwanakin baya ɗana ya nuna mini wasan a wayarsa, bakwai-bakwai, a wani fili kore shar, jama'a cike. Na karɓi wayar na matso da ita kusa da ido, ina duba ko zan ga wani dogo siriri. Na san wauta ce, in yana raye yanzu furfura ce a kansa kamar ni. Amma na duba ɗin. Ban san ko ya ga teku ba. Ni ban gan shi ba, kuma ba tekun nake kewa ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, ba a sanin girman mutum a lokacin da ba shi da inda za shi. Ana saninsa ne ranar da hanya ta buɗe masa, babu kowa a gabansa, abin da yake so ya kusa shiga hannunsa, amma ya juyo ya dubi wanda ke bayansa. Abokina sau ɗaya na ga ya yi haka da abin da ya fi ƙwallo, kuma gidanmu gaba ɗaya a kan wannan waigen yake tsaye. Duk hatsin da 'ya'yana suka ci suka girma, daga daminsa ya fito. Na bana yana nan a rumbu, can gefen dama, na ɗaure shi da sabuwar igiya. In ya zo, ko wani nasa ya zo, ba sai ya tambaya ba.